John Boyd Dunlop: Likitan Dabbobin Da Ya Ɗura Wa Taya Iska

Da wuya a samu ɗalibi a makarantar nan da bai taɓa jin sunan Dunlop ba. Wani a jikin taya ya gan shi, wani a allon shagon mai faci, wani kuwa silifas ɗin wanka yake kira da shi. Amma in ka tare mutum goma a bakin ɗakin lakca ka tambaye su wane ne Dunlop, yawancinsu za su ce maka ai kamfani ne. Masu ƙarfin hali su ce wani injiniyan mota ne. To mutum ne, kuma bai karanta injiniya ba. Likitan dabbobi ne, wanda ya yi kusan shekara talatin yana duba dawakai da shanu kafin ya taɓa harkar taya.

Ba haka kawai muka ɗauko tarihinsa ba. Yanzu yayin manyan wili ake yi. Yaro ya samu 'yar Corolla ko Civic, kafin ya gyara birki sai ka ga ya cire wilin da ta zo da shi, ya ɗora mai inci 18 ko 19, da wata siririyar taya kamar an naɗa wa faranti zobe. Motar ta yi kyau kam, babu mai musu. Sai dai abin da ake ragewa don wilin ya samu wuri, wato iskar da ke tsakanin ƙarfe da ƙasa, shi ne ainihin abin da wannan dattijo ya kawo wa duniya. Saboda haka ya kamata mu san shi, mu kuma san dalilin da ya sa ya kawo ta.

Daga gona zuwa Belfas

An haifi John Boyd Dunlop ranar 5 ga Fabrairu, 1840, a ƙauyen Dreghorn da ke ƙasar Sikotlan. Ɗan manoma ne, cikin dabbobi ya tashi, don haka ba abin mamaki ba ne da ya tafi makarantar likitan dabbobi ta birnin Edinbara. Ya gama yana ɗan shekara 19. A 1867 ya ƙetara zuwa tsibirin Ailan, daga bisani ya kafa wurin aikinsa a Belfas. Ya auri Margaret Stevenson a 1871, suka haifi ɗa da 'ya.

A wancan zamani likitan dabbobi a birni kusan matsayin babban bakanike yake da shi a yau. Doki ke jan keken mutane, doki ke jan kaya daga tashar jirgin ruwa, in ya gurgunce kasuwanci ya tsaya. Aikin Dunlop ya bunƙasa har ya zama ɗaya daga cikin mafi girma a Ailan. Kullum yana kan hanya zuwa duba dabbobi, a keken doki mai ƙafafun ƙarfe, bisa titunan da aka shimfiɗa da duwatsu. Wanda ya taɓa zama a bayan a-kori-kura a hanyar ƙauye ya san irin wannan jijjiga. Ban da haka, aikinsa ya sa ya saba da roba, domin likitoci suna amfani da bututun roba da falle-fallenta wajen aiki.

Zamanin babbar ƙafa

Kafin mu je ga abin da ya yi, bari mu duba keken wancan lokaci, don a nan darasin yake. A tsakanin 1870 da 1885 keken da samari ke yayi shi ne mai ƙatuwar ƙafar gaba, wadda tsayinta kan kai mita ɗaya da rabi, da 'yar mitsitsiyar ƙafa a baya. Dalili biyu ne suka sa aka yi ƙafar haka. Na farko, babu sarƙa, feda a jikin ƙafar gaba take, saboda haka gwargwadon girman ƙafa gwargwadon nisan da za ka ci a juyi ɗaya. Na biyu, tayar ta roba ce tsantsa, curarriya, ba iska a ciki, kuma babbar ƙafa ta fi ƙarama iya haye duwatsu ba tare da ta girgiza mahayi sosai ba.

Amma fa mahayin yana can sama kamar wanda ya hau raƙumi. Ƙafar gaba na cin karo da dutse, sai ya wuntsila ta kansa. A 1885 wani Baturen Ingila, John Kemp Starley, ya fitar da keke mai suna Rover, mai sarƙa da ƙafafu biyu da girmansu ya yi kusa da juna, kakan wanda muke hawa yau. Ya fi aminci nesa ba kusa ba, sai dai ƙananan ƙafafu da curarriyar roba suna isar da kowane dutse har cikin ƙashin bayan mutum. Mutane suka kasance tsakanin zaɓi biyu, ko dai faɗuwa ko kuma jijjiga.

Gwajin tsakar gida

Ɗan Dunlop, wanda ake kira Johnnie, yana da keke mai ƙafa uku, kuma titunan Belfas suna ba shi wahala. A Oktoban 1887 uban ya zauna don ya sama masa sauƙi. Ya samo fallen roba ya naɗe ya manne ya zama bututu, ya hura shi da famfon ƙwallon ƙafa, ya ɗora shi a gefen wani faifan katako mai faɗin kusan mita ɗaya, ya lulluɓe da ƙyalle mai ƙarfi ya kafe a jikin katakon.

Abin da ya yi bayan nan shi ne ya kamata 'yan sashen injiniya su riƙe. Bai tsaya a kan cewa abin ya yi masa kyau a ido ba. Ya ciro ƙafar keken yaron mai curarriyar roba, ya gangara ta a tsakar gidan aikinsa, ta yi ɗan nisa ta faɗi. Ya gangara faifan katakon mai iska, ya wuce ta, ya ci gaba har ya bugi ƙofa ya dawo baya. Abu biyu, wuri ɗaya, hannu ɗaya, sannan a kwatanta. Ba shi da ɗakin gwaji, amma gwaji ya yi na gaskiya.

Me ya sa mai iskar ta fi nisa? In ƙafa mai tauri ta haɗu da tsakuwa, dole ita da duk nauyin da ke kanta su ɗaga sama su haye, sannan su faɗo. Kowane ɗagawa ƙarfi ne ya tafi a banza. Taya mai iska kuwa lotsawa take yi ta haɗiye tsakuwar, ta wuce, ta koma yadda take, nauyin da ke sama bai motsa sosai ba. Dunlop ya fita neman sauƙin jiki ga ɗansa, sai ya tarar da ƙarin gudu a kai.

Ya sa irin wannan taya a ƙafafun baya na keken yaron, aka gwada a Fabrairun 1888. Ranar 7 ga Disamba, 1888, aka ba shi takardar haƙƙin ƙirƙira. Wani kamfanin kekuna na Belfas, Edlin, ya soma haɗa kekuna masu wannan taya.

Ranar da dariya ta koma ciki

Da farko ba'a aka yi ta yi. Idon mutane ya saba da siririyar taya, sai ga wata mai kumburi kamar hanjin rago. Amma kyaftin ɗin wata ƙungiyar masu tseren keke ta Belfas, Willie Hume, ya yarda ya gwada. Ranar 18 ga Mayu, 1889, a wasannin kwalejin Queen's da ke Belfas, ya shiga tsere huɗu da keke mai tayar iska, ya cinye duka huɗun. Daga baya ya je Libaful ya sake ba mutane mamaki.

Cikin waɗanda ya kayar a Belfas har da 'ya'yan wani attajirin Dablin mai suna Harvey du Cros, wanda shi ne shugaban ƙungiyar masu keke ta Ailan. Wani uban da haushi zai tafi gida. Shi kuwa du Cros kasuwa ya hango. Kafin shekarar ta ƙare sun kafa kamfani a Dablin, Dunlop ya miƙa haƙƙin ƙirƙirarsa ya karɓi kuɗi da hannun jari.

Cikin 'yan shekaru keke mai ƙatuwar ƙafa ya ɓace daga titi. Tunda iska ta ɗauke jijjiga, sarƙa ta kawo gudu, ba sauran dalilin hawa can sama. Wato dai tayar Dunlop na cikin abubuwan da suka kashe yayin babbar ƙafa na farko a tarihi.

Ashe an riga shi

A 1890 labari mara daɗi ya zo. Aka gano cewa wani ɗan ƙasarsu, Robert William Thomson na garin Stonehaven, ya riga ya yi rajistar taya mai iska tun 1845, lokacin Dunlop yana ɗan shekara biyar. Thomson ya yi tasa da bututun roba a cikin rigar fata, har an gwada ta a keken doki a Landan a 1847. Amma a lokacin roba na da tsada, babu keke irin na yanzu, babu mota, saboda haka abin ya kwanta aka manta da shi. Thomson ya rasu a 1873. Hausawa sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: takardar Dunlop ta zama ba ta da ƙarfi a gaban doka.

Ka duba halin da kamfanin ya shiga. An tara kuɗin mutane a kan takarda guda, ga takardar ta rushe, kowa na iya yin tayar iska ya sayar. Du Cros bai zauna jimami ba. Ya lura da cewa babbar matsalar tayar Dunlop ita ce manne ta ake yi a jikin wili, in ta yi faci sai an sha wahala kafin a ɓamɓare. Sai kamfanin ya sayi haƙƙin ƙirƙirar wasu mutane da suka warware wannan, musamman Charles Kingston Welch, wanda a 1890 ya fito da dabarar sa waya a leɓen taya tare da wili mai kwari a tsakiya, yadda za a iya cire taya a mayar. In ka tsaya wurin mai faci ka ga yana danna leɓen taya cikin kwarin wili kafin ya sa ƙarfe ya ɓalle ɗaya gefen, dabarar Welch kake kallo.

A Faransa ma 'yan uwa biyu, André da Édouard Michelin, sun fito da tasu tayar keke mai cirewa a 1891, kuma su ne a 1895 suka shiga tseren mota daga Faris zuwa Bordeaux da dawowa da mota mai tayar iska. Daga nan taya ta tashi daga keke ta koma mota.

Kura da shan bugu

Dunlop ya bar aikin likitan dabbobi a 1892 ya koma Dablin. Shi ba ɗan kasuwa ba ne, zamansa a kamfanin bai yi tsawo ba. Wajen 1895 ya janye, ya sayar da yawancin hannun jarinsa. A 1896 aka sayar da kamfanin kan fam miliyan 3, wanda ya saya kuma ya juya ya sayar wa jama'a hannun jarinsa kan fam miliyan 5. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba a ce Dunlop ya talauce ba, ya rayu cikin rufin asiri, yana da jari a wani kantin tufafi na Dablin. Amma dukiyar da sunansa ya tara, kaɗan ce ta shiga aljihunsa.

Sunan ma da fuskar sai da suka fi ƙarfinsa. Kamfanin ya ci gaba da amfani da hotonsa, dattijo mai dogon farin gemu, a matsayin tambari. A shekarunsa na ƙarshe har kotu ya kai su, saboda tallace-tallacen da suke zana shi kamar wani tsoho ɗan gayu. Ya rasu a Dablin ranar 23 ga Oktoba, 1921, yana da shekara 81, aka binne shi a maƙabartar Deans Grange. Daga baya wani banki na Ailan ta Arewa ya sa hotonsa a takardar fam 10.

Akwai wani ɓangare na labarin da ya shafi nahiyarmu, bai kamata a tsallake shi ba. Yaɗuwar taya ta sa buƙatar ɗanyen roba ta yi tashin gwauron zabi. A Kwango, wadda Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam ya riƙe kamar gonarsa daga 1885 zuwa 1908, aka tilasta wa mutanen ƙauyuka shiga daji tatso danƙo. Ƙauyen da bai cika ma'auni ba ya sha kisa da ƙona gidaje da yanke hannuwa. Ba Dunlop ne ya yi wannan ba, amma mai koyon fasaha ya san cewa duk abin da aka ƙera yana da wurin da kayan haɗinsa ke fitowa, da mutanen da ke biyan farashinsa.

A nan Najeriya kamfanin Dunlop ya yi masana'antar taya a Ikeja tun farkon shekarun 1960. Ya daina yin taya a 2008, shekara guda bayan Michelin ta rufe tata a Fatakwal, duka suna kuka da matsalar wutar lantarki da kwararowar tayoyin waje. Shi ya sa yau kasuwa ta cika da 'yan Beljiyam.

To, mu koma kan manyan wili

Je ka duba gefen tayar kowace mota a wurin ajiye motoci, za ka ga rubutu irin 195/65 R15. Lambar farko faɗin tayar ce, milimita 195. Ta biyu tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin, wato kusan milimita 127. Ta ƙarshe girman wili ne, inci 15, wato milimita 381. Ka haɗa wilin da gefe biyu, sama da ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama kusan milimita 635.

Yanzu a ce kana son wili mai inci 18, wato milimita 457. Hanya biyu ce a gabanka. Ko ka sa 225/40 R18, tsayin ƙafar ya zama milimita 637, kusan daidai da na asali, amma gefen tayar ya ragu daga 127 zuwa 90. Kusan kashi 30 cikin ɗari na matashin da ke tsakanin wilinka da ramin hanya ya tafi ke nan. Ramin da a da za ka faɗa ka wuce, yanzu shi zai lanƙwasa bakin wili ko ya fasa shi, ko tayar ta fito da ƙulu a gefe. Jijjigar da tayar ba ta shanye ba kuwa shokazoba da boris da ƙafafun gaba ne za su sha, daga nan sai aljihunka.

Ko kuma ka ƙi rage gefen sosai, ka sa 225/45 R18. Tsayin ƙafar ya koma milimita 660, ya fi na asali da kusan kashi 4 cikin ɗari. Daga ranar malejinka ya fara yi maka ƙarya: abin da a da yake 100, yanzu kusan 104 kake yi. Motar za ta yi nauyin tashi, kuma tayar na iya gogar jikin mota in ka karya sitiyari ko ka ɗauki abokai huɗu a ciki. Shi ya sa masu sana'ar ke cewa kada bambancin tsayi ya wuce kashi 3 cikin ɗari.

Ba a nan kaɗai ta tsaya ba. Babban wili sau da yawa ya fi nauyi, kuma nauyi ne da ke ƙarƙashin sifirin, wanda dole ya yi ta sama da ƙasa da kowace gargada, injin ya juya shi, birki ya tsayar da shi. Sai batun ramukan noti: wili mai rami biyar ba lallai ya dace da kowace mota mai noti biyar ba, don tazarar ramukan ta bambanta, wani 5x100 wani 5x114.3. Wanda aka matsa da ƙarfi ya shiga yana iya karya noti ana cikin gudu. Akwai kuma yadda wilin ke shigewa ciki ko fitowa waje. In ya fito da yawa yana cin boris. Kada a manta da lambar nauyin da tayar za ta iya ɗauka, kada ta gaza ta asali. Ga mai sayen 'yar Beljiyam kuwa, ya nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT: 2318 na nufin an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2018. Roba na tsufa ko da zanenta bai goge ba, kuma zafin kwaltarmu ba ya raga wa tsohuwar taya.

Siririyar taya na da nata amfanin. A kan lafiyayyen titi tana sa sitiyari ya fi jin magana a kwana, kuma manyan motoci masu gudu na buƙatar babban wili don babban birki ya samu wuri. Amma kafin ka kwaikwayi motar da ka gani a intanet, tambayi kanka a wace hanya take tafiya, kai kuma wace hanya za ka bi zuwa gida in an yi hutu. Kada garin neman gira a rasa ido. Ƙarin inci ɗaya, da lissafi, da taya mai kyau, ya fi ƙarin inci huɗu da tayar da ba ka san shekarunta ba.

'Yan ajin ƙarshe masu fama da firojet ma suna da rabonsu a tarihin nan. Dunlop ya gwada kafin ya yarda, wannan a yi koyi da shi. Bai san an riga shi da shekara arba'in da biyu ba, wannan kuma a kiyaye: kafin ka rubuta cewa kai ne na farko, shiga laburare ka duba. In kuma abin da ka ƙera ya yi kyau har wani mai kuɗi ya zo da takarda, karanta ta da kyau, ka nemi wanda ya san doka ya karanta maka, sannan ka sa hannu.